Gini Ɗaya, Masu Gida Biyu: Ɗakin Karatun Birni da Jami'a da Batun Farfaɗo da Tsakiyar Gari

A tsakiyar birnin San José na jihar Kalifoniya a Amurka akwai wani gini mai hawa takwas da ƙofofin shiga biyu. Ɗaya tana kallon titi, ɗayar kuma tana kallon harabar jami'a. Ta wacce duk mutum ya shiga, falo ɗaya zai faɗa. Uwa mai tura keken jaririnta zuwa sashen yara, da ɗalibin injiniya mai sauri zuwa saman bene, da dattijon da ya zo karanta jarida, da wanda ya kwana a bakin titi ya shigo neman wurin zama, duk a wannan falo suke haɗuwa. Wannan shi ne Ɗakin Karatu na Dokta Martin Luther King Jr., wanda aka buɗe ranar 1 ga Agusta, 2003. Majalisar birnin da Jami'ar Jihar San José ne suka gina shi tare, kuma su ke tafiyar da shi tare.

Masu tsara birane suna yawan kawo shi misali idan ana maganar yadda za a dawo da rai tsakiyar garin da ya yi sanyi. To, shin haɗa ɗakin karatun gari da na jami'a yana farfaɗo da birni da gaske, ko kuwa dabarar tsimi ce kawai aka sa mata babbar riga? Idan aka duba wuraren da aka gwada, za a ga cewa yana taimakawa ƙwarai, amma siminti da gilashi ba su ne ke yin aikin ba. Inda aka ajiye ginin, da yarjejeniyar wanda zai biya kuɗin buɗe ƙofa kullum, su ne ke raba nasara da asara.

Asalin abin

Haɗakar ba yau ta fara ba. A Jamus, birnin Kolon yana da ɗakin karatu mai ɗauke da sunan jami'a da na birni tun 1920. Sai dai irin wannan wurin manazarta ne, ba inda yaro zai je ya ari littafin tatsuniya ba. Sabon salon shi ne a kawo ɗakin karatun talakawa, da sashen yaransa da hayaniyarsa, a zaunar da shi ƙarƙashin rufi ɗaya da na bincike.

Suwidin ta yi hakan a garin Härnösand a 2000, sannan a Visby da ke tsibirin Gotland a 2001. A wannan shekarar ta 2001 ce kuma Jami'ar Nova Southeastern da gundumar Broward a jihar Filorida suka buɗe nasu. Na Filorida yana cikin harabar jami'a ne, a bayan gari, don haka ya amfani masu karatu amma ba a gina shi don ya gyara wata unguwa ba. Biyu da aka gina da niyyar gyaran gari a fili su ne na San José da na Worcester a Ingila.

San José: garin da ya gudu ya bar tsakiyarsa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, biranen Amurka sun yi ta malala zuwa waje. Mota ta yi araha, aka shimfiɗa manyan hanyoyi, masu hali suka koma sababbin unguwanni, kantuna suka bi su. A 1950 mutanen San José ba su kai dubu 100 ba. Zuwa 1970 sun haura dubu 400, amma yawancin ƙaruwar a gefen gari ta faru, inda a da gonakin 'ya'yan itace suke. Cibiyar kasuwanci ta Valley Fair da aka buɗe a 1956 ta janye masu saye, a 1958 kuma ita kanta majalisar birnin ta kwashe ofisoshinta ta bar tsakiyar gari. Aka bar shaguna a rufe, da filayen ajiye motoci, da tsohuwar jami'a wadda tarihinta ya faro tun 1857, tana zaune a tsakiyar garin kamar ba a cikinsa take ba.

Daga shekarun 1980 hukumar raya birnin ta shiga zuba kuɗi. Aka kawo jirgin ƙasa na cikin gari, aka gina babban otal, da zauren taro a 1989, da rufaffen filin wasa a 1993. Duk sun yi amfani, sai dai irin waɗannan wurare ranar wasa ko ranar taro suke cika, washegari su koma shiru. Garin na buƙatar wurin da zai kawo mutane kullum, kuma ba sai da tikiti ba.

A 1997 magajiyar gari Susan Hammer da shugaban jami'ar Robert Caret suka sanar da shirin haɗakar. Kowane ɓangare yana da matsalarsa: babban ɗakin karatun birnin da aka gina a 1970 ya yi wa jama'a kaɗan, littattafan jami'a kuwa sun cika gine-gine biyu sun rasa wurin zama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma da suka haɗa ƙarfi sai aka tara kimanin dala miliyan 177. Kaso mafi tsoka ya fito daga gwamnatin jiha, kimanin miliyan 70 daga hukumar raya birnin, sauran daga jami'a da masu ba da gudummawa. Yadda hukumar ke samun kuɗinta a wancan lokaci ma abin lura ne: idan aka ware wata unguwa don gyara, ƙarin harajin gidaje da filaye da ya biyo bayan gyaran nata ne. Ke nan da ta sa kuɗi a ɗakin karatu, lissafinta shi ne darajar unguwar za ta tashi, kuɗin su dawo.

Ba kowa ya yi maraba ba. Wasu malaman jami'ar sun kafa ƙungiyar adawa, suna cewa mutanen gari za su kwashe littattafan da ɗalibai ke buƙata, su cika wurin da surutu, kuma 'yan siyasar majalisa za su sa baki a kan abin da ya kamata a karanta. Masu kishin ɗakin karatun gari su ma suna tsoron jami'a ta haɗiye su. An warware wannan ne da tsari. Benayen ƙasa na yara ne da matasa da littattafan nishaɗi, na sama kuma na bincike ne, inda ake son shiru. Mutumin gari yana iya aron littafin jami'a, ɗalibi yana iya aron na gari. Idan lokacin jama'a ya ƙare da dare, ɗalibai masu katin shaida suna ci gaba da karatu. Shugabanni biyu ne, ɗaya na birni ɗaya na jami'a. Mujallar Library Journal ta zaɓe shi gwarzon ɗakin karatu na shekarar 2004, a 2005 kuma majalisar birnin ta dawo da ofisoshinta tsakiyar gari, a sabon gini 'yan taku kaɗan daga wurin.

Worcester: haɗaka har kan kanta

Worcester ƙaramin birni ne a bakin Kogin Severn, mutanensa kimanin dubu 100. A da an san shi da ɗinkin safar hannu da ƙera tangaran, amma masana'antun sun durƙushe, shahararren kamfanin tangaran na Royal Worcester ma ya daina aiki a garin a 2009. Tsohon asibitin garin ya tashi a 2002 ya bar gine-ginensa. Kwalejin garin ta zama cikakkiyar jami'a a 2005, ta sayi tsohon asibitin ta mayar da shi harabarta ta cikin gari. Kusa da shi akwai wani fili da majalisa ke ajiye motocin aiki da tarkace. A nan aka gina ɗakin karatu mai suna The Hive, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Yulin 2012, a kan kuɗi kimanin fam miliyan 60, haɗin gwiwar Jami'ar Worcester da majalisar gundumar Worcestershire.

Daga nesa ake hango shi, don an lulluɓe shi da ƙarfe mai ruwan zinariya, rufinsa kuma yana da tulluwa bakwai masu tuna wa mutum da murhun gasa tangaran na da. Tulluwan ba ado ba ne kawai, su ke shigo da hasken rana su fitar da iska mai zafi, ana kuma amfani da ruwan kogin wajen sanyaya ginin. An yi gadar ƙafa da ta haɗa shi da kasuwar tsakiyar gari, don mai cefane ya iya ratsowa.

Mutanen Worcester sun zarce na San José wajen cakuɗa abubuwa. Littafin jami'a da na gari kanta ɗaya suke, da tsarin lamba ɗaya. Wanda ya je neman littafin kiwon zuma zai iya tarar da littafin da ɗaliban kimiyyar ƙwari ke karantawa a gefensa. A cikin ginin akwai rumbun takardun tarihin gundumar, wanda a cikinsa akwai takardar da ta shafi auren William Shakespeare ta 1582, da sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, da teburin da mutanen gari ke zuwa don harkokinsu da majalisa. An fara da buɗe shi kullum, har da Lahadi, daga ƙarfe takwas da rabi na safe zuwa goma na dare. Wannan ya zo ne a shekarun da tsuke bakin aljihu ya sa aka rufe ɗakunan karatu kusan 800 a Birtaniya tsakanin 2010 da 2019.

Ta ina farfaɗowar ke zuwa?

Hanya ta farko ita ce zirga-zirga. Unguwa tana rayuwa ne idan akwai mutane a titinta safe da rana da dare. Mutanen gari da ɗalibai lokutansu sun bambanta: iyaye da tsofaffi da safe, 'yan makaranta bayan an tashi, ma'aikata da yamma, ɗalibai har dare. Lokacin hutun jami'a, yara na hutu su ma, sai su cika wurin. Mai shagon shayi da mai sayar da abinci a wannan titi suna samun ciniki a sa'o'in da a da suke rufewa. Mace mai komawa gida da dare kuma ta fi samun natsuwa a titin da ke da fitila da mutane.

Ta biyu ita ce kuɗi. Jami'a tana da hanyar samun kuɗi daga hukumomin ilimi, birni yana da tasa daga haraji da asusun raya gari. Kowannensu shi kaɗai zai gina abu matsakaici a inda fili ya fi araha. Idan suka haɗu sai su iya sayen wuri a tsakiyar gari, su raba kuɗin wuta da gadi da shara, su buɗe sa'o'in da majalisa ita kaɗai ba za ta iya biya ba.

Ta uku ita ce wadda ba a iya aunawa da sauri, amma ta fi sauran nisa. A San José akwai dubban iyalai 'yan asalin Meziko da Biyetnam, da yawansu ba wanda ya taɓa shiga jami'a a gidansu. Yaron da ya saba zuwa sauraron labari a hawan ƙasa tun yana shekara huɗu, ya yi aikin gida a sashen matasa, yana ganin ɗalibai suna wucewa, ba zai ɗauki jami'a wurin wasu mutane daban ba. Ya riga ya san hanya. Gyaran gari da bai taɓa rayuwar irin wannan yaro ba, fenti ne kawai.

Zo mu zauna, zo mu saɓa

Matsalolin ma na gaske ne. Abin ya yi kama da 'yan kasuwa biyu da suka haɗa rumfa ɗaya: ranar buɗewa kowa na murna, rigimar tana farawa ne ranar da kuɗin haya ya zo alhali cinikin ɗaya ya fi na ɗaya.

Akwai batun ma'aikata. A San José, ma'aikacin ɗakin karatu na ɓangaren jami'a yana da matsayi irin na malami, da ƙungiyar ƙwadagonsa da ma'aunin albashinsa; na birni yana da nasa daban. Mutum biyu suna iya amsa tambaya iri ɗaya a gini ɗaya, albashi da hutu ba ɗaya ba. Aikin ma ya bambanta a tushe. Ma'aikacin gari ya saba ya nemo wa mutum amsa ya miƙa masa, na jami'a kuwa aikinsa ya koya wa ɗalibi yadda zai nemo da kansa.

Akwai batun littattafai. Idan jarrabawa ta ƙarato kuma mutumin gari ya ari kwafin da ɗalibai hamsin ke jira, ɗalibin da ya biya kuɗin makaranta yana da hujjar yin fushi. Shi ya sa a Worcester aka sa ƙa'ida ta daban a kan littattafan da ɗalibai suka fi buƙata. Mujallun bincike na intanet kuma sun fi wannan wuya, don kamfanonin da ke sayar da su suna rubuta lasisi ne da yawan ɗalibai da malamai. Mutumin gari, in ma an bar shi ya karanta, sai dai ya zauna a kwamfutar cikin ginin, ba daga gida ba. Wannan na nufin yayin da ilimin jami'a ke ƙaura daga takarda zuwa na'ura, rabon da ke isa hannun jama'a yana iya raguwa ko da ƙofa a buɗe take. A 2017 ma, da jami'o'in jihar Kalifoniya 23 suka koma tsarin kundin littattafai guda, kundin jami'ar San José ya rabu da na birnin, aka koma neman littafi a wuri biyu.

Akwai batun tarbiyya da 'yancin bincike. Iyaye suna son a toshe shafukan batsa a kwamfutocin da yara ke iya gani, malaman jami'a kuma ba sa son a sa wa bincike takunkumi. A San José muhawarar ta kai gaban majalisar birni, wadda a 2009 ta ƙi amincewa da toshewar.

Sai kuma marasa matsuguni. San José tana cikin yankin kamfanonin fasaha, inda hayar gida ta fi ƙarfin talaka, kuma ɗakin karatu yana cikin 'yan wuraren da mutum zai zauna yini guda ba a ce ya sayi komai ba. Ɗalibai suna ƙorafi, masu gadi suna shan wahala. Abin da aka yi a can shi ne kawo jami'an walwalar jama'a da lauyoyi masu ba da shawara kyauta cikin ginin. Bai kawar da matsalar ba, amma ya nuna cewa wanda ya buɗe ƙofa ga gari dole ya karɓi garin yadda yake.

Idan ɗaya ya janye

Babban haɗarin haɗaka shi ne abokin tarayya ya sauya ra'ayi. A Härnösand, jami'ar da aka gina ɗakin karatun da ita ta rufe harabarta ta garin a 2016 ta koma wani gari, aka bar mutanen garin da ginin da aka auna shi da ɗalibai. A Kalifoniya, gwamnatin jiha ta rushe dukkan hukumomin raya birane a 2012, wato hanyar da ta samar da kason birnin a ginin San José ta toshe. A Worcester, an gina ne da tsarin da kamfani mai zaman kansa ke ginawa ya kula da wurin, ana biyansa kowace shekara na tsawon shekara 25, ko kasafin kuɗi ya yi kyau ko bai yi ba.

Duk da haka, wanda ya tsaya shi kaɗai bai fi tsira ba. Birnin Birmingham ya kashe kimanin fam miliyan 189 a katafaren ɗakin karatunsa, Malala Yousafzai ta buɗe shi a 2013. Zuwa 2015 an rage sa'o'in buɗewa daga 73 a mako zuwa 40 saboda majalisa ta kasa ɗaukar nauyi. Inda jami'a ke da hannu, da wuya a yi irin wannan yanka, don ɗalibanta ba za su yarda a rufe musu wurin karatu da la'asar ba. Buƙatar ɗalibi ta zama garkuwar mutumin gari.

Ya kamata kuma a yi hattara da yabon da ya wuce kima. A San José ɗakin karatun ya zo ne tare da jirgin ƙasa da sabon ginin majalisa da gidajen kwana; a Worcester ya zo tare da sabuwar harabar jami'a da zauren wasanninta na 2013. Ba wanda zai iya ware kason ɗakin karatu daga cikin wannan taro ya ce ga abin da shi kaɗai ya jawo. Sannan idan unguwa ta gyaru, haya tana tashi, kuma sau da yawa talakan da aka yi ginin dominsa shi ne na farkon tashi. Birnin da bai tanadi gidaje masu sauƙin haya kusa da wurin ba, ya gyara unguwa ne don baƙi.

Abin da ya shafe mu

Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. A arewacin Nijeriya muna da rabin wannan labari. Ɗakunan karatun jami'o'i suna samun tallafin asusun TETFund, amma suna bayan katanga, sai mai katin shaida. Na jihohi a buɗe suke ga kowa, amma kasafin jiha suke jira. Kuma akwai harabobin da ke cikin gari sosai, irin su Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a gefen badalar Kano. Gidan Arewa a Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1970, ya riga ya nuna cewa jami'a na iya riƙe wurin nazari a cikin gari, manazarta daga ko'ina su amfana.

Muna kuma da tambayoyin da San José ba ta yi fama da su ba. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas. Idan ginin na haɗaka ne, wa zai riƙe makulli a irin wannan lokaci? Wa zai sayi man janareta ko ya gyara solar idan ta lalace? Sabuwar gwamnati za ta mutunta sa hannun wadda ta gada? Ginin hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa a Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006 ya shafe sama da shekara 15 ba a kammala ba, ya ishe mu gargaɗi a kan fara abu da katafaren gini.

Don haka duk gwamna ko shugaban jami'ar da wannan tsari ya burge, kada ya fara da kiran ɗan kwangila. Ya fara da takarda: katin aro ɗaya, sa'o'in da jami'a za ta buɗe wa mutanen gari, ɗaki ɗaya a laburaren jiha da jami'a za ta sa wa wuta da intanet, da rubutaccen bayanin wanda zai biya me, har da ranar rabuwa in ta zo. In wannan ya yi shekara biyar yana tafiya, to a yi maganar gini. In kuwa ya gagara, an tsira da kuɗin jama'a.